Dashe da Reno: Yadda Ake Tayar da Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa Idan ta Durƙushe, da Darasin da ke Ciki ga Mutanen Lolo

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara na ƙungiyar ci gaban garinmu)

 

    

Gabatarwa

An nemi in yi bayani a kan yadda ake sake gina ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru bayan ta faɗi. Na san akwai dattijon da zai ce a ransa, ina ruwan Lolo da wannan zance, garin da ba shi da ƙungiya a gasar ƙwararru, kuma yake da buƙatar hanya da asibiti da makaranta? Tambayar tana bisa hanya. Amsarta ita ce, ƙwallon ƙafa a yau sana'a ce mai dokoki da takardu da dukiya mai yawa, kuma danyen kayan wannan sana'a yaran garuruwa irin namu ne. Duk yamma suna filin makaranta suna gudu babu takalmi. Ko mun kula ko ba mu kula ba, masu nema za su zo su ɗebi na ɗiba. Abin da ya rage gare mu shi ne mu san yadda kasuwar take, don kada a sayi namu a hannunmu da araha, a bar mu da sauran yaran da ba su samu ƙwallon ba, ba su kuma samu karatun ba.

Zan ɗora maganata a kan abin da kowane mutumin fadama ya sani. Manomin shinkafa ko na albasa yana da hanya biyu ta samun abin dasawa: ko ya reni irinsa da kansa, ya yi ta ban-ruwa har ya isa dashe, ko ya je ya saya a wurin wanda ya rena. Ƙungiyar ƙwallo ma haka take. Ko ta ɗauki sabbin jini ta rene su, ko ta ɗauko gogaggu waɗanda kwantiraginsu ya ƙare a wani wuri. Ƙungiyar da ta iya haɗa hanyoyin nan biyu, ta san wadda take tushe da wadda take ƙari, ita ce ke tashi bayan faɗuwa.

Yadda Amurkawa Suka Tsara Abin

Waɗanda suka fi kowa tsara waɗannan hanyoyi biyu su ne Amurkawa, a wasansu da suke kira ƙwallon ƙafa amma ya fi kama da zari-ruga, domin da hannu ake ɗaukar ƙwallon. Babbar gasarsu, NFL, tana da ƙungiyoyi 32. Tun daga 1936 suka kafa wata al'ada: kowace shekara ana tara sunayen matasan da suka yi fice a wasannin jami'o'i, sai ƙungiyoyi su riƙa zaɓa bi da bi. Hikimar da ke ciki ita ce, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe a kakar da ta gabata ita ke fara zaɓe, zakara kuwa shi ke zaɓa a ƙarshe, kuma haka za a yi ta zagayawa har sau 7. Wato mai rauni ne ke fara sa hannu a akushi. Daga 1993 suka ba ɗan wasan da ya cika wasu shekaru kuma kwantiraginsa ya ƙare 'yancin zuwa inda ya ga dama, sannan a 1994 suka ƙayyade iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan albashi, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye duka.

Misali biyu sun isa. Ƙungiyar Dallas Cowboys ta ci wasa 1 kacal cikin 16 a kakar 1989. A wannan shekarar ta sallama babban tauraronta, Herschel Walker, ga ƙungiyar Minnesota, ta karɓi damar zaɓen matasa masu yawa a madadinsa. Da waɗannan matasa da wasu irinsu ta ɗauki babban kofin ƙasar sau 3, a kakannin 1992 da 1993 da 1995. A ɗaya gefen kuma, ƙungiyar Washington ta ɗauko wani gogagge mai suna Albert Haynesworth a 2009 kan yarjejeniyar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 100, amma kaka biyu kawai ya yi musu, ba tare da an ga abin a zo a gani ba. Wannan ya sayar da bijimi ya sayi maruƙa, wancan ya zuba dukiyarsa a kan bijimi ɗaya.

A ƙwallon ƙafar da muka sani babu irin wannan zaɓe na bi da bi. Abin da ya tsaya a madadinsa shi ne makarantun renon 'yan wasa da masu zagayawa neman gwanaye. Amma 'yancin ɗan wasa akwai shi, kuma yana da tarihi. Wani ɗan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman, kwantiraginsa ya ƙare a ƙungiyar Liège a 1990, ya so komawa Dunkerque ta Faransa, ƙungiyarsa ta tsawwala kuɗi ta hana. Ya kai ƙara, kuma a ranar 15 ga Disamba 1995 kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. Daga nan ɗan wasan da ya gama kwantiragi ya zama yana iya tafiya ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa kuɗin saye ba.

Sai Masu Gida: Hawa da Gangara

Mu dawo gida Arewa. Babu ƙungiyar da labarinta ya fi dacewa da maganarmu kamar Kano Pillars, wadda da yawa daga cikinmu suke goyon baya ko da ba su taɓa taka Ƙofar Mata ba. An kafa ta a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi 3 na Kano, wato WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Ta ɗauki kofin gasar ƙwararru ta Najeriya a 2008, sannan ta jera shi sau 3 a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofi a lokacin, daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. A 2019 ta ci kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti.

Duk wanda ya bi waɗannan shekaru na ɗaukaka zai lura da abu guda. Ƙashin bayan ƙungiyar 'yan wasa ne da suka daɗe tare, irin su Rabi'u Ali da ake wa laƙabi da Pele, da Gambo Muhammad, waɗanda suka san filin, suka san magoya baya, suka san abin da rigar take nufi. A kan wannan tushe ake ɗora matasa masu tasowa. Ahmed Musa yana ɗan shekara 17 ya zo daga Jos, ya ci ƙwallaye 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya wuce Holan. Shehu Abdullahi, ɗan Sakkwato, wato ɗan yankinmu, ya yi wasa a Pillars kafin ya fita waje, ya samo wa Najeriya lambar tagulla a wasannin Olamfik na 2016, ya kuma je gasar cin kofin duniya ta 2018.

Sai ga shi a 2022 wannan babbar ƙungiya ta faɗa rukuni na biyu, tare da Katsina United da Heartland da MFM. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙungiyar ta daɗe tana buga wasanninta na gida a wajen Kano. Da ta koma filin Sani Abacha, rikici ya ɓarke a wasanta da Katsina United a watan Afrilu na wannan shekara, aka ci ta tara, aka sake kore ta daga gida, kuma kafin kakar ta ƙare hukumar gasa ta zabtare mata maki. Abin lura a nan shi ne, shekara guda kafin wannan faɗuwa, a watan Afrilu 2021, Ahmed Musa, kyaftin ɗin Najeriya a lokacin, ya dawo Pillars bayan ya rabu da Al Nassr ta Saudiyya ba shi da ƙungiya. Zuwansa ya ɗaga darajar gasar gaba ɗaya, amma na 'yan watanni ne, ya wuce Turkiyya. Zuwan babban baƙo bai gyara ɓarakar da ke jikin katanga ba.

Pillars ba ta daɗe a ƙasa ba, domin a 2023 ta koma babban rukuni. A 2024 Ahmed Musa ya sake dawowa, wannan karon tare da Shehu Abdullahi, dukkansu ba a sayo su daga kowa ba, kuma a watan Yuli 2025 gwamnatin Jihar Kano ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar. Wannan shi ne amfanin gogagge na gaskiya: ya zauna a cikin yara, su ga yadda yake atisaye, yadda yake cin abinci, yadda yake magana da alƙalin wasa. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma duk da haka, a watan Oktoba 2025 magoya baya sun sake afkawa fili bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, aka sake cire wa ƙungiyar maki 3, aka rufe mata filinta. Darasin a bayyane yake. Sake gini ya haɗa da tarbiyyar mai kallo da tsarin shugabanci, kuma maki 3 da 'yan wasa suka sha wuya suka samu, jifa ɗaya na iya zubar da su.

Waɗanda Suka Reni Nasu

Yanzu mu dubi waɗanda suka ɗauki reno a matsayin tushe. Ikenne ƙaramin gari ne a Jihar Ogun, ba birni ba ne kamar Kano ko Legas. Ƙungiyarsu, Remo Stars, ta hau babban rukuni ta faɗo har sau biyu, a 2017 da 2019. Mai ƙungiyar, Kunle Soname, ya gina fili na kansu da wurin kwana da makarantar reno mai suna Beyond Limits. Suka sake hawa a 2021, suka zo na 3 a 2022, na 2 a 2023 da 2024, suka ɗauki kofi a 2025 a ƙarƙashin mai horarwa Daniel Ogunmodede. Ku lissafa da kyau, shekara 6 ke nan tsakanin faɗuwa ta ƙarshe da ɗaukar kofi.

A Abijan, ƙungiyar ASEC Mimosas ta buɗe makarantar reno a 1994 a hannun wani Bafaranshe, Jean-Marc Guillou. A 1999 ta fito da yaran makarantar, cikinsu har da Kolo Touré, suka doke Espérance ta Tunisiya da ci 3 da 1 a wasan babban kofin Afirka na zakaru biyu. A Senegal kuma makarantar Génération Foot, wadda aka kafa a 2000, ta ƙulla alaƙa da ƙungiyar Metz ta Faransa, kuma ta nan Sadio Mané ya bi ya fita duniya. Shi kuwa Mané daga wani ƙauye ya fito mai suna Bambali, kuma duniya ta shaida makaranta da asibitin da ya gina a can.

Ban kawo waɗannan misalai don in ce Lolo za ta gina irin abin da Ikenne ta gina gobe ba. Na kawo su ne don mu ga cewa reno yana cin lokaci, yana buƙatar mai haƙuri, amma amfaninsa naka ne. Wanda ya dogara da saye kuwa, kowace shekara sai ya koma kasuwa.

Dokokin da Ya Kamata Kowane Uba ya Sani

A nan nake roƙon 'yan'uwa su saurara da kyau, domin nan ne maganar ta shafi aljihunmu da 'ya'yanmu kai tsaye. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tun 2001 ta shimfiɗa dokoki don kada wanda ya reni yaro ya tashi a tutar babu.

Ta farko ita ce ladar horo. Idan yaro ya sa hannu a kwantiraginsa na farko na ƙwararre a wata ƙasa, ƙungiyoyin da suka horar da shi tun daga shekara 12 suna da haƙƙin a biya su. Ta biyu ita ce kason zumunci. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da ya zauna a cikinsu tsakanin shekara 12 da 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi 1, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi 1. Bari in buga misali don a fahimta. A ce yaro ya zauna a ƙungiyar garinmu daga shekara 12 zuwa 17, kasonmu ya zama kashi 2 cikin 100 ke nan. Idan wata rana aka sayar da shi kan yuro miliyan 1, garinmu yana da yuro dubu 20, kuma idan aka sake sayar da shi zuwa wata ƙasa, a sake biyan mu. A 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman da ke bin diddigin irin waɗannan kuɗaɗe ya isar da su ga masu su.

Amma akwai sharaɗi, kuma a nan garuruwa irin namu ke yin asara. Ba a biyan kowa sai ƙungiyar da take da rajista da hukumar ƙwallon ƙafa, wadda kuma ta yi wa yaron rajista da sunansa da ranar haihuwarsa a lokacin da yake hannunta. Malamin firamaren da ya saya wa yaro takalmi da albashinsa, da dattijon da ya ba da fili, da ƙungiyar unguwar da ta rene shi shekara 5, idan babu takarda, a idon doka ba su yi kome ba. Wanda ya ɗauke shi a mota ya kai shi birni ya rubuta sunansa, shi ne mai reno.

Doka ta uku ta shafe mu fiye da kowa, mu mutanen bakin iyaka. FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don ya yi wasa, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Saboda haka duk dillalin da ya zo ya ce a sayar da gona ko shanu a ba shi kuɗi zai kai yaro ɗan shekara 15 Turai ta Kwatano, to a yi hattara da shi, domin ƙungiyar kirki ba ta karɓar kuɗi a hannun uba don ta gwada ɗansa. Sai dai cikin waɗancan yanayi akwai wanda kamar don mu aka rubuta shi: idan gidan yaro bai wuce kilomita 50 daga iyaka ba, ƙungiyar da ke ƙetare ita ma ba ta wuce kilomita 50 daga iyakar ba, to yana iya yi mata wasa, muddin yana kwana a gidan iyayensa kuma hukumomin ƙasashen biyu sun amince. Ma'ana, yaron Madekali yana iya zama ɗan wasan Lolo bisa doka, haka nan yaron Lolo a wancan ɓangare. Iyakar nan da Turawan Ingila da na Faransa suka shata tun yarjejeniyar 1898 ba ta raba mu aure da kasuwa da harshe ba. Rufe ta da aka yi a watan Agusta 2019 ya nuna mana yadda matasanmu ke zama babu abin yi idan harkar iyaka ta tsaya. Ga wata harka ta halal da iyakar za ta iya zama mana alheri a cikinta.

Cutar 'Yan Haya

Kafin in kawo shawarwari, dole in taɓo wata al'ada da ta zama ruwan dare a gasannin ƙananan hukumomi da na bukukuwan salla a ko'ina cikin ƙasar nan. Da zarar an sa kofi, sai masu hali na gari, galibi mu mazauna birni, mu tara kuɗi mu ɗauko 'yan wasa daga nesa, a ba su riga, a ba su sunayen da ba nasu ba, a ajiye yaran gari a benci. Idan an ci kofi a yi ta kiɗa kwana biyu, baƙi su karɓi sallamarsu su hau mota. Yaron da ya yi wata 3 yana atisaye ya koma gida da ɓacin rai, ya koyi cewa kuɗi ya fi ƙoƙari. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan ita ce irin kasuwancin Washington da na ambata, sai dai a ƙaramin ma'auni.

Tagwaiyar wannan cuta ita ce rage shekaru. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau 5, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma tun 2009 ake amfani da na'urar hoton ƙashi ana duba wuyan hannun yara, kuma ta sha mayar da waɗanda aka rage wa shekaru gida. Ƙarya a wannan fage ba ta da riba kuma. Takardar haihuwa ta gaskiya daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce jarin farko na yaron da ke son wannan sana'a.

Shawarwari ga Ƙungiya

Ya shugaban taro, ga abin da nake ganin ƙungiyarmu za ta iya yi da ƙarfinta, ba tare da jiran kowa ba.

Na ɗaya, a kafa ƙungiyar ƙwallo guda ta gari, a yi mata rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Kebbi da sunan al'umma, kada ta zama mallakar mutum ɗaya ko ta wata jam'iyya. Tsanin gasar Najeriya hawa 3 ne, NLO a ƙasa, NNL a tsakiya, NPFL a sama. Burinmu na farko ya tsaya a kan matakin ƙasa da gasar kofin jiha. Ranar da yaranmu suka fita filin Haliru Abdu a Birnin Kebbi da sunan Lolo a ƙirjinsu, mun taka mataki babba.

Na biyu, mu ari hikimar Amurkawa a gasar cikin gida. Sau ɗaya a shekara a tara yara 'yan shekara 12 zuwa 17 daga makarantun boko da na Islamiyya da na allo, daga cikin gari da ƙauyukan kewaye da rugage, a gwada su a gaban jama'a. Sannan ƙungiyoyin unguwanni su zaɓa bi da bi, wadda ta zo ƙarshe bara ta fara. Wannan zai hana unguwa ɗaya ta mamaye gasa, zai kuma haɗa ɗan Bahaushe da ɗan Dandi da ɗan Zabarma da ɗan Fulani a riga ɗaya, su saba da juna tun suna ƙanana.

Na uku, a ƙayyade baƙi. Kada su wuce 2 ko 3 a ƙungiyar gari, kuma a zaɓi wanda zai zauna kaka guda cur ya koyar, musamman a wuraren da ke buƙatar gogewa kamar tsaron raga da tsakiyar baya. A fara da 'ya'yan yankinmu da suka taɓa wasa a Birnin Kebbi ko Sakkwato ko wani wuri suka dawo.

Na huɗu, a buɗe littafin rajista, a rubuta sunan kowane yaro da ranar haihuwarsa da hotonsa da sa hannun mahaifinsa ko waliyyinsa. Lauyoyin da ke cikinmu su duba duk wata takarda kafin uba ya dangwala mata hannu. Wannan aiki ne da ɗan'uwa zai iya yi daga ofishinsa a Abuja ta wayar hannu.

Na biyar, babu karatu, babu wasa. A cikin yara 100 da ke buga ƙwallo, waɗanda za su ci abinci da ita ba su taka kara sun karya ba. Sauran dole su fita da karatu ko sana'a. A tsara lokacin atisaye ya kauce wa lokutan salla da na makaranta, a kuma sa gasa a lokacin da ba ta ci karo da dashe ko girbi ba, don kada iyaye su ga ƙwallo a matsayin kishiyar gona.

Na shida, a tura matasa 2 su koyo horarwa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, wasu kuma su koyi alƙalanci. Wanda aka ba horarwa a ba shi wa'adin shekara 3 kafin a yanke masa hukunci. A karanta lissafin kuɗin ƙungiyar a wannan zaure kowace shekara, a buga shi a wannan mujalla. Fili kuwa a nemi tudu inda ambaliya irin ta 2020 ba za ta kai ba, a yi masa takardar mallaka.

Na bakwai, dattawa su ja kunnen masu kallo. Mun ga abin da jifa ya jawo wa Kano. Baƙon da ya zo wasa garinmu, daga Illo yake ko Ka'oje ko Zagga ko Tsamiya ko ƙetaren iyaka, baƙonmu ne, ya ci mu ko mu ci shi.

Kammalawa

'Yan'uwana mazauna birane, a wannan lissafi mu ne gogaggun da ake jira. Garin nan ne ya rene mu, malamansa suka koya mana baƙi da wasali, fadamarsa ta biya mana kuɗin makaranta, sannan birane suka ɗauke mu ba tare da sun biya Lolo ladar horo ba. Ahmed Musa da Shehu Abdullahi sun ga filayen Turai, amma suka dawo suka sa rigar gida. Ba a ce kowa ya bar aikinsa ya tattaro ya dawo ba. Abin da ake nema shi ne likita ya duba yaran idan ya zo hutun salla, lauya ya karanta takarda, akanta ya duba littafi, ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin ƙwallo da raga na shekara, kuma kuɗin da muka saba kashewa a kan 'yan haya na mako guda mu juya shi zuwa reno. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ina roƙon wannan taro, kafin a tashi, ya naɗa ƙaramin kwamiti da zai kawo rahoto a kan rajistar ƙungiya da maganar fili a zama na gaba.

Allah ya albarkaci zuriyarmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.